Inda Wuƙar Likita Ta Tsaya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da ciwo kuma Ya san ranar ɗauke shi. Sunana Lawal. Ina sayar da wake da gero a kasuwar Batsari, amma asalinmu mutanen Wagini ne. Ni ba marubuci ba ne, kuma duk wanda ya san ni a kasuwa zai gaya maka ban iya doguwar magana ba sai in raina ya ɓaci. To tun da Inna ta rasu mutane ke tare ni gaban buhuna suna tambaya, wai da gaske an buɗe kanta tana ido biyu? Wai da gaske likita ya bar sauran ciwon a ciki? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu. Bari in faɗa sau ɗaya, daki-daki, ko wani gidan zai kauce wa abin da ya same mu.

Sai na fara da abin da kowa a ƙauyenmu ya sani amma ɗan birni zai iya mantawa. Ni ne ɗan farin Inna. Kakanninmu ba su daɗe ƙwarai da shiga Musulunci ba, sun bar abubuwa da yawa na da, amma kunyar ɗan fari ba su bar ta ba. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, a ɗakinta na girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In za ta yi maganata da ƙannena sai ta ce "yayanku". Akwai wani yaron maƙwabta mai sunana, shi ma "mai sunan gida" take ce masa. In na je gaishe ta nakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya ga ƙanwata Hanne, autarmu, ta ce, "Ki ce masa lafiya lau." Ina zaune ina ji fa! Amma in zan tafi, Hanne za ta biyo ni da ƙwaryar furar da ta fi kowacce kauri. Wallahi abin bai taɓa damuna ba, don haka na tarar ana yi.

Ciwon ya faro ne lokacin da aka fara tsinkar wake. Ciwon kai ne da sassafe, wani lokaci har da amai, in rana ta ɗaga sai ya lafa. Hanne, da ke aure a nan Wagini kusa da ita, ta so ta gaya mini, Inna ta hana ta. "Kada ki tayar wa yayanku hankali a kan ciwon kai." Bayan 'yan makonni sai magana ta fara yi mata gardama. Tana son ludayi, tana kallonsa, sunan ya ƙi zuwa, sai ta yi ta nuni da hannu tana tsaki. Matan gida suka mai da abin wasa, suna cewa tsufa ya zo da wuri. Ita ma tana taya su dariya.

Dariya ta ƙare ranar da ta faɗi a gindin turmi. Hannunta na dama ya kama jijjiga, bakinta ya karkace, ta fita hayyacinta. Kafin labari ya iso ni a Batsari har Kawu Sale, wan Inna, ya yanke cewa iska ce. Ya aika aka ɗauko wani mai magani daga wajen Safana. Na iso na tarar ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi, an ba ta rubutu ta sha, wanzami kuma ya kafa mata ƙaho a ƙeya. Ban raina addu'a ba, Allah Ya sani. Amma na dubi idon Inna na ga ɗaya ya fi ɗaya kumburi, na ce, "Kawu, a yi haƙuri, asibiti zan kai ta."

"Asibiti na maganin iska ne?"

"In iska ce ai ba za ta hana a auna ta ba."

Ya ce in yi yadda na ga dama, tunda yanzu masu kuɗin wake ke da magana. Na haɗiye wannan. Hanyarmu ba a bin ta bayan la'asar saboda mutanen daji, don haka ban tsaya musu ba. Muka ɗora Inna a babur, ni a gaba, ita a tsakiya, Hanne a baya tana tallafe da ita. Tun da aka yaye ni ban taɓa kusantar ta haka ba. Duk ramukan hanyar nan ba ta kama rigata ba ko sau ɗaya, gefen kujerar ta riƙe da hannunta mai lafiya.

A wani ƙaramin asibiti aka fara cewa zazzaɓin cizon sauro ne da hawan jini. Aka yi allurai, aka ƙara ruwa, ta ɗan farfaɗo, muka ce alhamdu lillahi. Mako bai zagayo ba ta sake faɗuwa. Wani matashin likita, Allah Ya saka masa, ya ja ni gefe ya ce kada mu ƙara ɓata lokaci, mu tafi Katsina a ɗauki hoton cikin kanta. A Katsina aka shigar da ita cikin wata na'ura mai ƙara, aka fito da hoto. Ni ban san komai a ciki ba, amma ko ni na ga wani abu fari-fari a ɓangaren hagu wanda babu shi a dama. Aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, kuma aikinsa sai babban asibitin koyarwa a wani birni mai nisa. Ba zan kama sunan asibitin ba. Sun yi mana alheri, sun kuma yi kuskure, ba na son a tsinci kuskuren a bar alherin.

Kuɗi kuwa ba zan tsaya lissafi ba, don in na fara sai hawan jinin ya dawo kaina. Bijiman noma biyu sun tafi. Waken da na ɓoye ina jiran farashi ya tashi, shi ma na sayar da shi a lokacin da kowa ke sayarwa. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya ya san cewa aikin da kansa ba shi ke cinye mutum ba. Yankan kati, awon jini, hoto bayan hoto, magani da za a ce babu a ciki sai ka fita waje, abinci, kuɗin mota, su ne ke tsotse ka a hankali.

Makon farko a can layi muka yi ta bi. Ka zo da asuba ka tarar an riga ka, a ce likita na tiyata, ka dawo jibi. Raina ya yi ta ɓaci, har na ɗaga wa wani mai ba da kati murya, Hanne ta ja rigata tana cewa, "Yaya, nan ba kasuwar Batsari ba ce." 'Yan jinya kuma a ƙarƙashin bishiyoyi suke shimfiɗa tabarmi, kowa da risho da tukunya. A nan muka haɗu da wata mata 'yar wajen Safana da ke jinyar mijinta, shi ma ƙari a kai. Daga jin harshenmu ta matsa mana a tabarmarta, ta nuna wa Hanne inda ake ɗebo ruwa da inda ake shanya. Har muka baro wurin tukunya ɗaya suke ɗorawa.

A mako na biyu muka samu gado, muka kuma ga likitan ƙwaƙwalwa. Mutum ne mai sanyin murya, ba Bahaushe ba, Hausarsa ta koyo ce amma yana ƙoƙari ƙwarai. Kawu Sale ya biyo mu a lokacin, don a cewarsa ba za a yanka ƙanwarsa ba ya nan. Likita ya zaunar da mu ya ce, daga yadda hoton ya nuna, yana jin mugun ƙari ne, irin na ciwon daji. Ya ce irinsa ba dunƙule yake wuri ɗaya ba, yana da saiwoyi da ke shiga cikin lafiyayyen nama.

Kawu ya ce, "To likita, a ɗan taɓa kaɗan, a rage masa ƙarfi, a rufe. Kada a yi ta tone-tone a kan mutum."

Amsar da ya ba Kawu har yau tana kunnena. Ya ce, "Baba, ba zan yi muku alkawarin warkewa ba. Wannan ciwon yakan dawo ko an cire duk abin da ido ke gani. Kwana kuma na Allah ne. Amma abin da muka gani a aikinmu shi ne, wanda aka cire masa da yawa ya fi daɗewa a kan wanda aka ɗan taɓa. Gwargwadon abin da na bari a ciki, gwargwadon saurin dawowarsa." Ni manomi ne kafin in zama ɗan kasuwa, na san abin da ciyawar wuta-wuta ke yi wa gonar dawa in ka tsinke kai ka bar gindi. Nan take na gane.

Sai ya faɗi matsalar. Ƙarin yana jingine da wurin da magana ke fitowa. In ya zurfafa ba tare da lura ba, Inna za ta tashi da rai amma ba baki. In ya ji tsoro ya tsaya da wuri, zai bar ciwo da yawa. Don haka zai yi aikin tana farke. Za a kashe fatar kan da allura, ƙwaƙwalwa kuma ita kanta ba ta jin zafi. Wata nas za ta zauna a gabanta tana sa ta magana. Kafin ya yanki kowane wuri zai taɓa shi da wani ɗan ƙarfe mai 'yar wuta kaɗan. In ya taɓa magana ta ci gaba, ya cire. In ya taɓa magana ta ɗauke, wurin ba na taɓawa ba ne.

Kawu ya yi salati ya ce bai taɓa jin rashin imani irin wannan ba. Inna ce ta raba gardamar. Hanne ta yi mata bayani, Inna ta ce, "Na haihu sau bakwai ina ido biyu. A yi."

Ana gobe aiki nas ɗin ta zo gwaji. Sista kowa ke ce mata, yarinya ce mai fara'a, Bahaushiya amma tashin birni. Da na ga Inna ta ƙi sakin jiki ina wurin, sai na fita na tsaya a baranda, kamar yadda na saba. Hanne ce ta ba ni labari daga baya. Sista ta zo da katuna masu zane, tukunya, tsintsiya, zakara, akuya, tana nunawa Inna na faɗa. Da aka zo kan akuya Inna ta ce, "Akuya ce, amma mai ita ba ya ba ta dusa." Duk ɗakin aka yi dariya. Likita ya shigo ya durƙusa daidai fuskarta ya ce, "Inna, gobe bakinki ne jagorana. Muddin kina magana, ina cirewa. Kika yi shiru, na tsaya." Ya maimaita, ya sa Sista ma ta maimaita mata da Hausa mai kyau. Inna ta ce, "Na ji."

Da safe aka shiga da ita, ba a fito ba sai bayan la'asar. Ban iya zama ba, na yi ta kai-da-kawo a gaban ƙofar har mai gadi ya ce zan cinye musu siminti. Kawu na gefe da carbi. Da aka turo ta, kai naɗe da farin ƙyalle, idonta biyu. Ta dubi Hanne ta ce, "Ƙishirwa." Can kuma ta ce, "Wa ke ba awakina ruwa?" Kai! Na juya na fuskanci bango, don kada Kawu ya ga ƙaton mutum na hawaye. Matar nan 'yar Safana ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti har aka zo aka tsawata mata.

Washegari aka sake ɗaukar hoto, likita ya kira ni da Hanne ofishinsa. Sista na tsaye a gefe. Ya nuna mana inda ƙarin yake da, yanzu rami ne, sai a can gefe wani ɗan fari kamar girman ƙwallon dabino. Ya ce, "Wannan na bari. Na so in cire, amma duk lokacin da na taɓa wurin maganarta ɗaukewa take. Sau uku na gwada."

Na ce Allah Ya saka, ai ya yi ƙoƙari. Har na yunƙura zan tashi, Hanne ta ce, "Sista, a kan wane zane ta yi shirun? Ko akuyar ce?" Cikin wasa ta tambaya.

Sista ta ce a'a, ai a lokacin an daɗe da ajiye katuna. Aikin ya yi tsawo, idon Inna ya gaji, ta daina ganin zanen sosai, sai suka koma hira. Ta tambaye ta abin da ake shukawa a Wagini, ta faɗa. Ta tambaye ta yadda ake dama fura, ta faɗa har da gyara mata. "Sai na ce, Inna, ɗanki na fari, wannan da ke ta zirga-zirga a waje, yaya sunansa? A nan ne ta yi shiru. Likita ya ɗage ƙarfen, na tambaye ta wani abu, ta amsa. Ya sake taɓawa, na sake tambayar sunan, don ƙa'idarmu ce a maimaita inda aka yi tuntuɓe. Shiru. Na uku ma shiru."

Hanne ta dafe baki ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ni kuwa duk zafin ran da aka san ni da shi ban san inda ya tafi ba. Da ƙyar na ce, "Likita, ni ne ɗan farin. Shekarata arba'in da 'yan kai, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba za ta faɗa ba ko ba ka taɓa komai ba."

Bai gane ba da farko, sai da Hanne ta warware masa. Sista ce ta riga shi ganewa. Ta zauna a kujera ta fashe da kuka tana cewa, "Wayyo Allah, kakata ma haka take yi wa babana. Wallahi na sani, mantawa na yi." Likita ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Sannan ya ce, "Da mun yi mata tambayar sau ɗaya ban taɓa wurin ba, da mun gane. Wannan kuskurenmu ne, ba naku ba." Ya ƙara da cewa ba zai rantse wurin lafiyayye ne a cire ba, ƙila da an gwada daidai ma a tarar magana na nan. Amma yanzu bai sani ba, kuma da ya kamata ya sani. Na ji haushinsa, na kuma ga girmansa a lokaci guda. Ba kowane babba ke faɗin haka a gaban ɗan ƙauye ba.

Ya ce akwai dama ɗaya. Kafin wurin ya haɗe, cikin 'yan kwanaki, zai iya sake shiga ya gwada wurin yadda ya kamata, in ya ciru ya cire. Haɗarin ya fi na farko, jikinta kuma ya gaji. Ya ce zai nema mana sauƙin kuɗin aikin.

Ni na ce a yi. Kawu Sale ya ce sam. "Kan mutum ba ƙwarya ba ne da za a yi ta buɗewa ana rufewa. Allah Ya fito da ita, ku gode maSa." Ranar na ɗaga wa Kawu murya a gaban mutane, na ce ƙahonsa da hayaƙinsa sun ci mana lokaci, kada ya ci mana sauran. Ya dube ni ya ce, "Uwarka ce, amma ni na goya ta." Likita ya ce mu duka mu yi haƙuri, mai kan ita ke da magana.

Hanne ta zauna a bakin gado ta gaya mata komai, ina tsaye bayan labule. Inna ta saurara har ƙarshe. Ta tambayi likita, "In an sake, warkewa zan yi?"

Ya ce, "A'a, Inna. Lokaci muke sa ran ƙarawa. Ƙila watanni. Ba zan iya ƙidaya miki ba."

Ta ce, "To a kai ni gida."

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Na durƙusa a gaban gadon, na yi mata magana kai tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Inna, don Allah. Ba za su sake yi miki waccan tambayar ba. Ki bari a cire sauran." Ta juya fuskarta ga bango. Can ta ce wa Hanne, "Ki ce masa na ji. Ki ce masa ya je ya ci abinci, tun jiya bai ci ba."

Sakamakon naman da aka cire ya fito bayan mako biyu, mugun ne kamar yadda likita ya zata. Aka rubuta mana a gasa wurin ciwon da na'ura, da kuma wasu ƙwayoyi masu tsadar gaske. Na'urar wurin ta lalace, aka tura mu wani garin, can ma layi. Sai da muka yi fiye da wata muna jira kafin a fara, ni kuma ina ta tuna ɗan farin nan a hoto, ina cewa yanzu haka yana girma. Ta yi gashin na makonni, gashin kanta na gefe ɗaya ya zube, abinci ya fita ranta. Hanne ce ke wanka da wanki da juya ta. Ni nawa sayo magani, neman mota, da zama a baranda.

Da muka dawo na so ta zauna gidana a Batsari, kusa da asibiti, nesa da tashin hankalin daji. Mako uku ta yi ta ce a mai da ita Wagini, wai ina aka taɓa ganin uwa ta tare a gidan ɗan fari. Kuma gaskiya a can ta fi walwala. Duk bazarar nan lafiya lau take, tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗar iri, tana yi wa jikoki faɗa. Ruwan farko ya sauka tana nan, har ta sa aka kai ta bakin gona ta ga shuka. Kawu Sale na zuwa kullum da goro, ni da shi muka shirya ba tare da an tayar da zancen ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Ciwon kai na safe da amai, da magana da ke ɓacewa, da faɗuwa ga babban mutum da bai taɓa farfaɗiya ba, a yi addu'a amma a nemi hoton kai da wuri. In an zo maganar aiki, kada tsoro ya sa ku ce a ɗan taɓa kaɗan. Ku tambayi likita nawa zai iya cirewa ba tare da ya illata mutum ba, bayan aiki kuma ku tambaya nawa ya rage. Mijin matar nan ta Safana an cire masa duka, har yanzu yana zuwa kasuwa da sandarsa, in na gan shi ina murna, wani abu kuma na sukar ƙirjina. Amma akwai wani a ɗakinsu da aka cire wa duka ya riga Inna tafiya, don haka ba lissafin awo ba ne. Sannan in za a yi aikin mutum na farke, ku zauna da masu aikin ku gaya musu abin da bakinsa ba ya faɗa. Sunan ɗan fari, sunan miji, sunan suruki. Mu a wurinmu abin a fili yake har ba mu ga abin faɗa ba.

Tsakiyar damina ciwon kan ya dawo. Hannun dama ya saki, sannan ƙafa. Kalmomi suka fara zubewa, sai ta yi ta laluben ɗaya kafin ta samu. Na kira likita a waya, ya ce yanzu sai dai a rage mata zafi, ya faɗi maganin da za a ba ta. Ni kuma wani abu ya zauna mini a zuciya ya ƙi tashi, cewa sunana ne ya tsayar da wuƙar. Da sunan ƙannena Isuhu ko Barira ko Hanne aka tambaya, da ta faɗa, da an cire. Na daina cin abincin kirki. A kasuwa na koma faɗa da kowa a kan mudu ɗaya. Matata ta gaya wa Hanne, Hanne kuma ba ta iya riƙe magana.

Wata rana da hantsi na je Wagini, na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Hanne ta leƙo ta ce, "Wai ka shigo." Na ce, "Ni?" Ta ce, "To da wa?" Na cire takalmi na shiga na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Inna na kwance, ta rame ƙwarai, fuskarta na wajen Hanne. Maganar a hankali ta fito, tana tsayawa tana nema, wani wurin Hanne ta so ta taya ta, ta ɗaga hannun hagu ta hana.

"Ki gaya wa yayanki ya daina ramewa a kaina. Ba ruɗewa na yi ba ranar. Na ji tambayar yarinyar nan sarai, duk sau ukun. Na kuma tuna abin da likita ya ce zai yi in na yi shiru." Ta numfasa. "Sunan yana bakina. Har yau yana nan, duk abin da ya ɓace shi bai ɓace ba. Na duba na ga baƙi ne kewaye da ni. Na ce abin da ban faɗa a gaban ubansa ba, ba zan zubar da shi a nan ba."

Hanne na kuka ta ce, "Haba Inna, saboda suna?"

"Ke auta ce, ba za ki gane ba." Sai ta ce, "Kwana na Allah ne. In ma da wasu a ciki da aka rage, ni ke da su, ni kuma na bayar. Ki ce masa ba shi ya ɗauka ba."

Ina da abubuwa da yawa da zan faɗa. Na so in ce da ta faɗa, ko sau ɗaya, ko a gaban duniya duka, da na fi son haka a kan kunyar. Na dubi bayan kanta, inda tabon ɗinkin ya zagaya kunne, na ga ba ta juyo ba, ba kuma za ta juyo ba. Sai na juya ga ƙanwata na ce, "Hanne, ki ce mata na ji."

Ta sa aka dama mini fura, na sha a nan cikin ɗakin, na shanye tas. Bayan an yanke gero da 'yan kwanaki Allah Ya karɓi abarSa, muka kai ta da hantsi. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya ba duk mai jinya haƙuri da abin yi.